Inci Shida da Rabi

Maryland, 9 ga Janairu, 1996

Tota Adeline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki. Yaya sanyin tsibiri? Mama ta ce kogi ya daskare tun kafin Kirsimeti, kuma har yanzu kin ƙi yarda kowa ya shigo miki da itacen wuta. Ni lafiyata ƙalau, in aka cire abincin makarantar nan, wanda ba zan ɓata takarda a kansa ba. Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ihu daga nan, ke kuma kina tambayata wa ya rasu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Haverty, kocinmu na lakuros, wasanmu na ƙwallo da sanda mai raga a kai, ya ce ba zan shiga fili da sandata ta itace ba. Ya ɗaga ta ya jinjina nauyinta, ya ce kyakkyawa ce, in samu ƙusa in rataye ta a bango. Nan kowa kai na roba yake ɗaurawa a jikin sandar ƙarfe, da saƙar kanti mai kama da ragar kamun kifi. Na gwada tasu sati biyu. Ƙwallo ba ta zama a ciki, Tota, ko tari ɗan baya ya yi kusa da ni sai ta faɗi.

Mu bakwai ne muke neman gurbin 'yan gaba, gurbi kuwa uku ne. Kin san don wasan nan makarantar ta ɗauke ni. A ƙarshen Afrilu koci yake fitar da sunayen waɗanda za su ci gaba baɗi, wanda babu sunansa kuma karatunsa ya ƙare. Kawu Russell har ya aiko min cewa akwai gurbi a cikin 'yan hawa ƙarfensu masu haɗa dogayen gine-gine a New York idan na gaji da wahalar da kaina. Ki gaya masa ban gaji ba.

Na sa kawunan sanda na roba guda uku a kwalin nan. Ki zaɓa min ɗaya ki saƙa min. Filin nan ba irin namu na cikin katanga ba ne, fili ne fetal, kuma aikina a bayan raga yake. Ina riƙe sanda da hannu ɗaya, ina kare ta da jikina, ƙato yana dukana da sanda mai tsawon ƙafa shida, sai in zagayo in harba kafin mai tsaron raga ya juyo. Abin da nake so shi ne ƙwallo ta zauna kamar yadda take zama a ta itacen. Na san za ki yi faɗa, ki yi faɗan amma ki saƙa.

Ki gai da kowa a tsibiri.

Jikanki,
Leland

Tsibirin Cornwall, Akwesasne, 22 ga Janairu

Leland, jikan yayata,

Na samu takardarka da kwalinka. Lafiyata lau, gwiwa tana nan tana aikinta na ciwo, itace kuma ni zan ci gaba da shigo da abina. Uwarka Marlene ta yi mura ta warke. Russell ya zo ya cinye min romon masara kwano uku, yana ta zancen gini mai hawa arba'in. Na isar masa da saƙonka, na ƙara da nawa.

Wai a rataye a bango. Ka gaya wa mutumin nan sandar namiji ba hoto ba ce. Ka naɗe ta a bargo ka sa ƙarƙashin gado, ka riƙa shafa mata mai. Da ita za a binne ka wata rana, kamar yadda aka binne kakanka da tasa, don ka samu abin shiga wasa a can.

Shekara talatin da ɗaya ina saƙa wa masana'antar tsibirin nan sanduna a kan teburin kicin, ni da marigayiya kakarka Josie, ban taɓa sa hannuna a roba ba. Kwana biyu kwalinka yana bakin ƙofa ina harararsa. Rana ta uku na buɗe.

Babban nan mai faɗin baki na 'yan baya ne, na kwasar ƙwallo a ƙasa, ba ruwanka da shi. Na biyun kuwa na matsa shi da hannu ɗaya ya lanƙwashe. In tsohuwa mai shekara saba'in da biyu ta lanƙwasa shi, me ƙaton naka zai yi masa? Na ukun na ɗauka, farin nan mai siririn wuya, wanda ya ɗan sunkuya ƙasa kamar cokali. Ba shi da nauyi, gefunansa suna da tauri, kuma yana da huda da yawa, na samu inda zan bi da igiya. Ban ce ina son sa ba, na ce dai shi ne mai dama-dama.

Fatar barewa na sa, tsiri huɗu, daga wadda na ɓoye tun bara. Aljihun na sauko da shi ƙasa kusa da wuya, tunda da hannu ɗaya kake gudu. Igiyoyin harbi biyu kawai na sa a sama, don kada ƙwallo ta tsaya gaisawa a hanyar fita.

Sai dai duk da haka bakinsa ya yi min faɗi, ƙwallo tana yawo a ciki. Na yi masa abin da samarin nan duka suke yi wa nasu kafin wasan bazara. Na tafasa ruwa a babbar tukunya na tsoma shi ya yi laushi, na matse gefunan na ɗaure da igiyar takalmi, na jefa shi cikin dusar ƙanƙara a bayan gida ya sandare. Yanzu in ka sa ƙwallo sai ta zauna daram.

Ka ci abinci ko ba daɗi. Kuma ka fara koyon hannun dama, na sha gaya maka bahago ɗaya ba ya isa a babban fili.

Totarka,
Adeline Garrow

Maryland, 11 ga Fabrairu

Tota,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya, sai shatar duka a hannuwa, wadda alama ce ta ana aiki.

Saƙo ya iso, kuma ban san da bakin da zan gode miki ba. Ranar farko na ci huɗu a wajen horo. Abokin ɗakina, Dunleavy, shi ne babban ɗan bayanmu, wuyansa ya kai cinyata kauri. Ya doke ni ta sama, ya doke ni ta ƙasa, ya bi ni har bayan raga yana haki, ƙwallo ko motsi. Daga baya ya zauna a ciyawa ya ce ko dai da ƙaro na manna ta. Na ce masa aikin tsohuwar da ta girmi kakarsa ne, ya je ya kai ƙara can.

'Yan ƙungiya sai zuwa suke suna shinshina fatar. Mutum biyu sun ce in tambaye ki ko za ki yi musu. Na ce ke ba kya saƙa wa wanda ba ki taɓa ganin gudunsa ba.

Jiya koci ya karanta sunayen waɗanda za su fara wasan farko ranar 2 ga Maris. Sunana na uku a 'yan gaba. Na yi farin ciki har na rasa inda zan sa kaina, na fita na zagaya fili sau biyu a guje ni kaɗai. Ki gaya wa Kawu Russell ya nemi wani ya riƙe masa ƙarfe.

Hannun dama kuwa, ina dai yi.

Leland

Maryland, 4 ga Maris

Tota,

Ina fata kina lafiya. Ni ma lafiya.

Kada ki ƙara aiko min da komai. Sauran kawunan nan biyu ma kada ki taɓa su. In wani ya tambaye ki wa ya yi min saƙa, kada ki ce komai. Zan rubuto in na samu sarari.

Leland

Tsibirin Cornwall, 10 ga Maris

Leland,

Lafiyata lau, tunda ka tambaya a layi ɗaya.

Na karanta takardarka sau uku, ba don tana da tsawo ba. Wato yanzu an shiga cikin 'ya'yan masu hali, an fara wasa a gaban jama'a, saƙar tsohuwa mai warin barewa ta zama abin kunya. Har da kada in faɗa wa kowa ni na yi. To wa zan faɗa wa? Tsibirin nan kaf babu gidan da babu saƙata a ciki, kuma ban taɓa bin wani ina roƙon ya ambaci sunana ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ranar 2 ga wata na zauna tun safe ina lissafin yanzu sun fita, yanzu sun fara. Na sa uwarka ta zauna kusa da waya. Ko ci nawa aka yi ba ka iya rubuta min ba.

Kawunanka biyu suna nan a kwalinsu. In kana so a mayar maka, ka faɗa, Russell ya kai gidan waya. Ni na saƙa wa mazan da suka fi ka gudu, kuma har suka mutu suna gaishe ni.

Adeline Garrow

Tsibirin Cornwall, 25 ga Maris

Leland, yaron kirki,

Ina gaishe ka, ina fata kana cin abinci, don uwarka ta ce muryarka ta canza. Ni lafiya. Ƙanƙarar kogi ta fara tsagewa, ana ta tatsar ruwan zaƙi daga itatuwan mapul.

Takardar da na aiko maka kwana goma sha biyar da suka wuce, ka sa ta a wuta. Shiru ya yi yawa, jiya na je na tsare Marlene a kicin ɗinta na ce ba zan tashi ba sai ta faɗa min abin da kuke ɓoyewa. Ta yi kuka ta faɗa.

Ta ce kuna tara da tara, saura minti ɗaya da 'yan kai, ka zagayo daga bayan raga mutum biyu suna dukanka, ka ci. Kocin ɗaya ɓangaren ya ce a duba sandarka. Alƙalin wasa ya fito da tef ya auna bakin, ya ce doka inci shida da rabi ce, taka shida da kwata. Ya sa ƙwallo ya kifa sandar, ƙwallo ta ƙi faɗowa. Aka soke cin, aka fitar da kai minti uku, aka ci ku. Ta ce wasu a cikin 'yan kallo har da buga baki suna irin ihun ba'ar nan da suke yi mana, mu 'yan asalin ƙasar nan. Ta ce kocinka ya tambaye ka yadda aka yi ka yi shiru, shi kuma ya ce kada ka sake taka masa fili sai ran da ka zo da amsa. Sati uku ke nan kana zaune a ɗaki, ni kuma ina nan ina zaginka.

Leland, ban san ana auna sanda ba. Wallahi ban sani ba. Mu nan hannun mutum muke dubawa da yadda yake gudu, mu yi masa abin da ya dace da shi. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an shiga fili da tef ba. Amma rashin sanin nawa ne, tukunyar tawa ce, igiyar takalmin ma tawa ce. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina budurwa, kuma na ji tausayinka, kana can kai kaɗai kana rufa min asiri.

To ni ba na bukatar a rufa min. Na riga na rubuta wa Haverty ɗin nan takarda, Marlene ta gyara min Turancin. Na ce ni Adeline Garrow na dafa kan sandar, yaron bai san komai ba, ya buɗe kwali ya ga abu ya ɗauka. In yana da faɗa ya zo tsibiri ya yi da ni. Adireshinsa kawai nake jira, uwarka ta ce ba ta da shi, na san kuma ƙarya take yi. Ka aiko min da shi a takarda ta gaba. In ka ƙi, zan rubuta sunan makarantar a bayan ambulan in jefa, ai koci ɗaya ne.

Saura wata guda a fitar da sunaye. Ba za ka hau ƙarfe saboda tukunyata ba.

Totarka

Maryland, 30 ga Maris

Tota,

Na gode da gaisuwa. Lafiyata lau, ina cin abinci. Takardarki ta 10 ga Maris ban ƙona ta ba, na cancanci abin da ke ciki, ko da yake ba don dalilin da kika zata ba. Ban taɓa jin kunyar aikinki ba.

Don Allah kada ki aika wa koci takardar nan. Na san in ta isa hannunsa gobe zai kira ni in koma fili. Mutum ne mai son a ba shi dalilin yafiya, kuma tsohuwar da ba ta san doka ba dalili ne mai kyau. Kwana biyu ina riƙe da adireshin a rubuce, har na sa a ambulan. Amma akwai ƙarya a cikin takardarki, kuma ba ke kika yi ta ba.

Na sani, Tota. Ranar da kwalin ya iso, Dunleavy ya ɗauki kan ya juya shi, ya ce anya wannan bai matse da yawa ba. Na yi dariya na ce idonsa ne. Da ya fita na ɗauko rula na auna. Shida da kwata. Dokar kuwa tana manne a ƙofar ɗakin canza kaya, kullum sai na wuce ta sau biyu. Na sa ƙwallo na kifa, ta ƙi faɗowa sai da na girgiza. Na zauna na ce gobe zan jiƙa shi a ruwan zafi in buɗe shi. Gobe ta yi na ci huɗu, sai na ce bari dai a karanta sunaye tukuna. Aka karanta, na ce bari a wuce wasan farko. Tsoro nake ji. Na ga yadda ƙwallo take zube min da saƙarsu, na ga mutum shida suna jiran in yi kuskure, na ga kaina a kan ƙarfe hawa arba'in tare da Kawu.

Shirun da na yi wa koci ba don ke kaɗai ba ne. In na ce ke ce, na ɗora miki laifina. In na ce na sani, na tabbatar wa masu ihun nan abin da suke faɗa a kanmu. Shi ya sa na rasa ta cewa. Abin da ya fi ci min rai shi ne 'yan ƙungiya. Dunleavy bai ce min komai ba har yau, gaisuwa kawai, kuma ya san na sani.

Kawu Russell ya kira. Suna tashi aiki ranar 1 ga Mayu, yana so ya ji daga gare ni kafin 20 ga Afrilu. Bai yi min dariya ba, ya ce ubana ma ƙarfe ya hau kuma bai rage shi da komai ba. Ban yanke shawara ba tukuna.

Ki yafe min. Kin yi aiki da zuciya ɗaya, ni na ɓata shi.

Leland

Tsibirin Cornwall, 6 ga Afrilu

Leland,

Ina lafiya, gwiwa ta sha tafiya makon nan, za ka ji dalili. Uwarka tana gaishe ka. Ban nuna mata takardarka ba, wannan kai za ka faɗa mata da bakinka.

Da na gama karantawa na yi niyyar in ce Russell ya je ya ɗauko ka a mota. Ka auna, ka gani, ka shiga da ita wasan da Mahalicci ya ba mu. Ban yi barcin rana ba saboda haushi. Amma na sake dubawa na ga zancen adireshin nan da ka ƙi aiko min, alhali shi ne hanya mai sauƙi, kuma da ka aiko ba wanda zai taɓa sani. Wannan ya sa na sauko. Takardar kocin na yaga ta.

Yanzu ka saurara. Za ka je wurin mutumin nan, ba a waya ba, ba a takarda ba, ka tsaya a gabansa. Ka ce kakata ta dafa don ba ta san doka ba, ni na auna na sani na yi shiru. Duka biyun za ka faɗa. Kada ka cire nawa, ba ka da ikon ɗaukar min kayana, kada kuma ka rage naka. Masu ihu kuwa za su yi ihunsu ko ka faɗa ko ka yi shiru, tun kafin a haifi kakanka suke yi. In ya kore ka, ka dawo da kanka a sama, ƙarfe ba abin kunya ba ne. Amma ba za ka dawo don ka ɓuya a ɗaki har lokaci ya wuce ba.

Kuma ba za ka je hannu wofi ba. Ranar Talata na hau bas na tsallaka gada zuwa birnin Cornwall, na samo irin farin kan nan sak. Na sa mai kantin ya karanta min dokar daga littafi sau biyu, yana ta duba agogo, na ce ya sake. Na dawo na ɗauko tef ɗin ɗinkina. Shekara hamsin ina saƙa, ran nan na fara auna sanda.

Ban dafa ba, ban matse ba, bakin yana nan shida da rabi yadda aka yi shi. Sau huɗu ina saƙawa ina kwancewa. Abin da na gano shi ne, in ba a matse roba ba, ana iya matse fata. Tsiri biyu na tsakiya na kusanto da su suka zama hanya, na waje na ja su da ƙarfi suka zama bango, ƙwallo ta samu inda za ta kwanta ba tare da an shaƙe ta ba. Zurfin ma na duba, bai wuce yadda littafin ya ce ba. Na kifa shi sau arba'in a kicin, sau arba'in tana faɗowa, har ta fasa min kofi.

Amma kada in yaudare ka, ba zai riƙe kamar wancan ba. In ƙaton nan ya same ka da kyau za ta faɗi. Abin da ya rage sai wuyan hannunka da ƙafarka su yi, da hannun daman da kake ce min kana dai yi. Ka nemi bango, ka ba shi ɗari uku hagu, ɗari uku dama, kowace safiya kafin aji.

Kwali yana tafe tare da takardar nan. Kana buɗewa ka auna.

Totarka

Maryland, 21 ga Afrilu

Tota,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta huta daga hawa bas. Ni lafiya, sai kafaɗar dama da ba na iya ɗagawa sama da kunne. Na kira Mama na faɗa mata komai.

Na auna. Shida da rabi cif.

Washegari na je ofishin koci da sandar a hannu. Na faɗi duka biyun yadda kika ce. Sai ya tambaye ni me ya sa ban tsaya a kan na kakata ba, tunda shi ba yadda zai yi ya gane. Na ce ai ita ma ta so ta rubuto masa haka, ni na hana. Ya ce in je in maimaita a gaban 'yan ƙungiya, tunda su aka ci, ba shi ba. Wannan ya fi na ofis wuya. Na faɗa, wasu suka sunkuyar da kai, mutum ɗaya ya tashi ya fita. Koci ya ce in dawo horo cikin 'yan benci, bai yi min alkawarin komai ba.

Gaskiyarki, tana faɗuwa. Makon farko Dunleavy ya zubar min da ita sau goma sha ɗaya a yini guda, yana lissafawa da ƙarfi. Na ji daɗin lissafin, don rabon da ya yi min magana tun Maris. Bangon bayan ɗakin karatu kuwa har ya yi tabo. Da ɗari uku na fara, yanzu ina yin ɗari biyar.

Ranar Alhamis na zagayo ta hagu kamar kullum, Dunleavy ya tare ni don ya san hanyata. Na juya, na mayar da sanda hannun dama, ya kawo duka ya samu iska, na harba ta shiga. Koci ya busa usur ya tsayar da kowa. Ya miƙo hannu na ba shi sandar. Ya fito da tef daga aljihu ya auna a gaban mutum talatin, ya sa ƙwallo ya kifa. Ta faɗo ta gangara har ƙafar Dunleavy.

Ya mayar min da ita ya ce, "Bana ba za ka buga min wasa ko ɗaya ba, Oakes, wannan ka riga ka sayar. Amma sunanka yana cikin na baɗi. Gurbin gaba kuma daga farko za ka neme shi, ku tara ne yanzu."

Na ce na ji. Ya ce kuma duk ran da na ci, abokan hamayya za su ce a auna, har in gama makarantar nan, don labari ya riga ya zagaya. Na ce su zo da tef ɗinsu.

Wasa uku suka rage, zan zauna a benci in kalla, kuma zai yi min ciwo. Shekaranjiya na kira Kawu Russell na ce ya ba wani gurbin. Ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Hutun bazara ma a nan zan yi shi, na samu aikin yankan ciyawar fili, ga bango kusa.

Ki sake hawa bas ɗin nan in gwiwa ta yarda, ki samo min wani farin, don a yadda nake dukan wannan, fatar ba za ta kai kaka ba. Ki auna kafin ki rufe kwalin, ni ma zan auna in na buɗe.

Jikanki,
Leland Oakes